Katin Da Ba Wasa A Cikinsa: Me Muke Saye In Mun Sayi Wasan Bidiyo?

A ranar 5 ga Yuni 2025 kamfanin Nintendo ya fitar da sabuwar na'urarsa ta wasa, Switch 2, a kan dala 449.99 a Amurka, kuma cikin kwana huɗu ya sanar cewa an sayi fiye da miliyan uku da rabi a faɗin duniya. Kafafen labarai sun fi mayar da hankali kan wannan adadi, da kuma farashin Mario Kart World da aka yanka masa dala 79.99. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani ɗan rubutu da ke ƙasan kwalin wasu daga cikin wasannin, inda aka sa Game-Key Card.

Ma'anar rubutun ita ce katin da ke cikin kwalin bai ƙunshi wasan ba. Mabuɗi ne kawai. Idan ka cusa shi a na'ura, sai ta nemi intanet, ta sauke wasan gaba ɗaya daga kwamfutocin kamfanin, daga nan kuma duk lokacin da za ka yi wasa sai katin yana ciki. Kana iya ba abokinka aro, kana iya sayar da shi, domin ba a ɗaure shi da asusun kowa ba. Sai dai amfaninsa ya dogara ga wani ɗaki mai cike da kwamfutoci a wata ƙasa, wanda ba ka taɓa gani ba kuma ba ka da iko a kansa. Street Fighter 6 da Yakuza 0 duk a haka suka fito. Kamfanin CD Projekt kuwa ya zaɓi ya zuba Cyberpunk 2077 ɗungurungum a kati mai gigabait 64, abin da ya nuna cewa ana iya yin hakan in an yarda a biya kuɗin katin.

Wannan ɗan kati shi ne ƙarshen wata tafiya da aka shafe shekara kusan ashirin ana yi, kuma ina ganin ya kamata a bi sawunta tun daga farko.

A zamanin kaset da faifai, wasa yakan fito ne a kammale. Abin da aka buga a faifan PlayStation 2 shi ke nan har abada, da kyawunsa da kurakuransa. Da na'urorin gida suka samu ma'ajiya ta ciki da hanyar shiga intanet, musamman tun daga Xbox 360 a 2005 da PlayStation 3 a 2006, sai ƙofa ta buɗe: kamfani na iya aiko gyara bayan an sayi wasa, kuma yana iya sayar da ƙari. Wannan ƙarin da ake saukewa shi 'yan wasa ke kira DLC a taƙaice. A watan Afrilun 2006 kamfanin Bethesda ya sa dala biyu da rabi a kan sulken doki a wasan The Elder Scrolls IV: Oblivion. Ado ne kusan zalla, kuma mutane sun yi ta yi masa ba'a har ya zama abin misali. Amma an saya. Masu sayarwa sun riƙe wannan darasi fiye da yadda suka riƙe ba'ar.

Ba adalci ba ne a ce duk ƙari cuta ne. Shadow of the Erdtree, ƙarin da FromSoftware ya yi wa Elden Ring, ya fito a ranar 21 ga Yuni 2024 a kan dala 39.99, kuma girmansa ya kai na wasa mai zaman kansa. An sayi kwafi miliyan biyar cikin kwana uku. Nintendo ya ƙara wa Mario Kart 8 Deluxe filayen tsere 48 tsakanin Maris 2022 da Nuwamba 2023 a kan dala 24.99, ya ninka adadinsu zuwa 96. Wanda ya sayi irin waɗannan ya san abin da ya biya, ya kuma samu. A ɗaya gefen akwai abin da Capcom ya yi a 2012 da Street Fighter X Tekken, inda aka gano cewa 'yan dambe goma sha biyu da ake shirin sayarwa daga baya suna nan kulle a cikin faifan da mutane suka riga suka biya. Akwai kuma akwatunan sa'a, waɗanda mutum ke biya bai san abin da zai fito ba. Hayaniyar da Star Wars Battlefront II ya tayar a 2017 ta sa hukumomi suka duba lamarin, har hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa wasu daga cikin irin waɗannan akwatuna caca ne. Sannan ga tikitin da ake saya tun kafin a ƙera ƙarin, wanda a kasuwarmu sunansa cinikin biri a sama.

Ruwa ba ya tsami banza. A 2023, lokacin shari'ar da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta yi da Microsoft, wasu takardun Sony da ba a shafe su da kyau ba sun nuna cewa ƙera The Last of Us Part II ya ci dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma miliyan 212. Alhali farashin sabon wasa ya zauna a dala 60 na tsawon shekara kusan goma sha biyar, sai a 2020 aka fara ɗaga shi zuwa 70. Kamfanin da ya zuba irin wannan dukiya yana neman hanyar da wasa ɗaya zai riƙa kawo kuɗi na shekaru. Haka nan faifan da aka sake sayarwa a hannu na biyu ba ya kawo wa kamfani ko sisi, wasan da aka sauke kuwa ba shi da hannu na biyu. Shi ya sa PlayStation 5 ta zo a 2020 da samfurin da ba shi da wurin sa faifai, kuma PlayStation 5 Pro, wadda ta fito a 2024 a kan dala 699.99, sai an sayi abin karanta faifanta daban. Na fahimci wannan lissafi, kuma ban ɗauki masu yinsa a matsayin azzalumai ba. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne sunan da ake ba cinikin.

Bahaushe ya bambanta saye da haya, ya bambanta haya da aro, kuma kowanne da hukuncinsa. Abin da ka saya kana iya sayarwa ko ka yi kyauta da shi, in ka mutu kuma a raba shi a gado. Abin da ke faruwa idan ka danna maɓallin saye a shagon intanet na na'urarka ya fi kusa da haya marar wa'adi bayyananne. Dogon rubutun da kowa ke amincewa da shi bai karanta ba yana cewa lasisi aka ba ka, wato izinin amfani, kuma izinin yana manne da asusun da sharuɗɗan suka hana a miƙa wa wani.

Na ga bambancin a gidanmu. Ina da kwalin faifan PlayStation 2 da na tara tun ina sakandare, lokacin da muke biyan kuɗi a shagon unguwa don buga wasan ƙwallo ɗaya, wanda aka cinye ya tashi ya ba na baya wuri. Da ɗan yayata ya kai shekarun sha'awar abin, na ɗauki kwalin da tsohuwar na'urar na ba shi, aka jona a talabijin, ta kama aiki. Ba a tambaye mu sunan asusu ba, ba a nemi data ba. Wasannin da na saya ta intanet a shekarun baya-bayan nan sun fi waɗancan yawa da tsada, amma babu ko ɗaya da zan iya ɗauka in sa masa a hannu in ce na ba ka.

Mai karatu na iya cewa wannan tsoron abin da bai faru ba ne. Ya faru, kuma ba sau ɗaya ba. A watan Afrilun 2015 Konami ya cire P.T. daga shagon PlayStation, har waɗanda suka taɓa sauke shi aka hana su sake saukewa. A ranar 27 ga Maris 2023 Nintendo ya rufe saye a shagon 3DS da Wii U. Wanda ya riga ya saya yana iya sake saukewa, amma wasannin da ba su taɓa fitowa a kati ko faifai ba sun fita kasuwa, tare da duk ƙarin da aka yi wa sauran. Shagon Xbox 360 ya bi sahu a ranar 29 ga Yuli 2024. Sony ma ya yi niyyar rufe na PlayStation 3 da Vita a 2021, sai da jama'a suka yi ca sannan ya janye. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na tsofaffin wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Da a ce littattafai ne aka faɗi haka a kansu, da an kira shi annoba.

Mafi muni shi ne labarin The Crew, wasan tseren motoci na Ubisoft da ya fito a 2014. Ba ya aiki sai da intanet, ko da mutum shi kaɗai yake wasa. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin ya kashe kwamfutocin da ke ɗauke da shi, nan take kowane kwafi ya mutu, har da na waɗanda ke riƙe da faifai a hannu. Wannan ne ya sa Ross Scott ya fara gangamin Stop Killing Games, wanda buƙatarsa mai sauƙi ce: in kamfani zai janye hannunsa daga wasan da ya sayar, ya bar shi a yanayin da za a iya ci gaba da yinsa. Takardar koken da aka shigar a Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a watan Yulin 2025. Jihar Kalifoniya kuma ta yi doka, wadda ta fara aiki a farkon 2025, da ta hana shagunan intanet amfani da kalmar saye sai sun bayyana wa mai biya cewa lasisi yake karɓa. Dokar ba ta mayar da hayar saye ba, amma aƙalla ta tilasta a kira abu da sunansa.

Lamarin ya fi nauyi a kan mai wasa a Kano ko Maradi fiye da na Landan. Manyan wasannin yau wasu sun haura gigabait 100, kuma a ranar farko sukan nemi wani gyaran da shi ma sai an sauke. Inda data ke da tsada, wuta kuma ke ɗaukewa a tsakiyar saukewa, faifai ya kasance hanyar tsira, kasuwar hannu na biyu kuma ita ce ta sa yaron da ba shi da hali ya iya taɓa abin da da sai dai ya ji labari. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikinmu da adireshin Amurka ko Ingila muka buɗe asusunmu, muna cika shi da katin kuɗi da ake saye da dala. Ƙarin da aka saya a asusun wata ƙasa ba lallai ya yi aiki da faifan wata ƙasar ba, kuma ranar da aka samu matsala, mai asusun ba shi da bakin kai ƙara. Duk tsarin an gina shi ne bisa zaton cewa intanet kamar iska take, tana ko'ina kuma ba ta yankewa.

Ban daina sauke wasanni ba, kuma ba na kiran kowa ya daina. Sauƙin gaskiya ne, rangwamen da ake yi a shagunan intanet ma gaskiya ne, kuma ƙananan masu ƙira da ba su da kuɗin buga faifai ta nan kaɗai suke isa gare mu. Abin da na sauya shi ne yadda nake auna farashi. Kafin in biya, nakan duba ko wasan yana aiki ba tare da intanet ba, ko duka yana cikin faifan ko katin, da kuma ko ƙarin da ake tallata mini ya riga ya fito har mutane sun gwada shi. Wasan da nake so ya daɗe a hannuna nakan neme shi a faifai. Wanda na san haya ce, nakan jira farashinsa ya sauko zuwa abin da ya dace da haya. Tsarin biyan wata-wata irin Game Pass da PlayStation Plus bai dame ni ba, domin su ba su ɓoye cewa haya suke bayarwa ba.

Kayan aro ba ya rufe katara, in ji masu iya magana, kuma matsalar a nan ita ce an karɓi kuɗin saye a kan kayan aro. Nintendo bai faɗi ranar da zai daina ba da damar sauke wasannin Switch 2 ba, kuma mai yiwuwa ranar tana da nisa. Shagon 3DS ya yi shekara kusan goma sha biyu kafin a rufe saye a cikinsa. Amma kaset ɗin Super Mario Bros. na 1985 yana aiki har yau a duk inda aka samu na'urarsa, bayan shekara arba'in, ba tare da neman izinin kowa ba. Yaron da aka saya wa Switch 2 a bana zai kai shekarun da zai so ya nuna wa nasa ɗan abin da ya yi wasa da shi. Ko katin zai buɗe masa wani abu a ranar, wannan hukunci ne da ake yankewa yanzu, a majalisun dokoki da ofisoshin kamfanoni, da kuma a gaban kanta, lokacin da mai saye ya juya kwali ya karanta abin da aka rubuta a ƙasansa kafin ya miƙa kuɗi.