Alƙalin Yara a Gindin Dogon Dutse

Hazon hunturu ya riga ya sauka lokacin da motarmu ta baro Birnin Ƙonni ta miƙa yamma a kan babbar kwalta mai lamba 1, wadda ke bi ta Dosso har Yamai. Tun daga nesa ake hango abin da ya ba garin Dogon Dutse suna: jan dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, tsaye a kan gidajen ƙasa kamar mai gadi. Mutanen wurin ba sa wahalar da bakinsu da dogon suna, Dutsi kawai suke cewa. Garin na kwance a kwarin Dallol Mauri, tsohuwar hanyar ruwa da ta bushe tun zamanin da babu mai tunawa, amma ta bar ruwa kusa da doron ƙasa. Shi ya sa a gefen Tapkin Saw za ka ga lambunan dankalin turawa da albasa kore shar, alhali tudu ya yi fari fat.

An gama girbi. Damman gero sun shiga rumbu, wake yana bushewa a kan rufin ɗaki, samari sun sami sararin kansu. A ƙasar Arewa, wato ƙasar Arawa, wannan lokaci na kokawa ne, ko kokowa kamar yadda suke faɗi a nan. Mai masaukina ya ce in bar gajiya sai dare, bayan la'asar akwai wasan yara a wani fili da ke bayan gari, kuma akwai mutumin da yake so in gani.

Na zaci wani ƙaton ɗan kokawa zai nuna mini. Sai ga dattijo siriri, ƙafa ba takalmi, usur rataye a wuya da igiyar leda, fuskarsa ɗauke da zanen Arawa wanda ke tashi daga gefen baki ya nufi kunne. A da ya yi kokawa, gwiwa ce ta ajiye shi. Yara na kiransa Baba, manya kuma Arbit, kalmar da suka aro daga Faransanci don alƙalin wasa.

Kafin makaɗi ya taɓa ganga, shi ya fara aiki. Ya zagaye filin yana jan tafin ƙafa cikin yashi, a hankali, layi bayan layi, kamar mai neman allura. Ya tsinto ƙaya, da fasasshiyar kwalba, da murfin gwangwani. Buhunan yashi ba su kai su kewaye da'irar ba, sai aka cike gurbin da takalman 'yan kallo. Daga nan ya jera yaran, ya duba farcen kowa, ya sa aka yanke na mutum uku da reza, ya shafa kafaɗunsu ya shinshina hannunsa ko wani ya shafo mai don ya riƙa zillewa. Layu da kambu bai hana ba, amma duk mai ƙarfe ko tsini a jiki sai an kwance an ba uban yaro ya riƙe.

Haɗa abokan karawa shi ne ya fi cin lokaci. Babu ma'auni, babu mai yawo da takardar haihuwa a aljihu, kuma kowane uba ɗansa ƙarami ne a bakinsa. Baba sai ya tsayar da yara biyu baya da baya, ya dubi tsawo, ya matsa dantse, ya ce su yi magana ya ji ko murya ta fashe. Wani yaro da aka rantse shekarunsa 12 ya buɗe baki, sai ga muryar saurayi, aka mayar da shi rukunin manya ana dariya, har da shi kansa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Sannan ya busa usur, ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya faɗi dokar ranar da babbar murya, yana juyawa gabas da yamma don kowa ya ji. Baya, ɗuwawu, haƙarƙari ko kai ya taɓa ƙasa, kaye ne. Gwiwa biyu, kaye ne. Hannu biyu da gwiwa, kaye ne. Gwiwa ɗaya ko hannu ɗaya kaɗai, a ci gaba. Ba shaƙe wuya, ba murɗe yatsa, ba kama wando. Wanda ya faɗi a wajen da'ira, a dawo tsakiya a sake. Ya maimaita sau biyu, ya tambayi dattawan da ke kan tabarma ko akwai mai magana. Babu wanda ya tanka.

A lokacin na ɗauka al'ada ce kawai. Ashe a nan duk ƙarfin alƙalancinsa yake.

Dalili kuwa, kokawa a Nijar tana da fuska biyu. Akwai ta dandali, wadda kowane gari ya gada da tasa fahimtar, har a wasu wurare dafa ƙasa da hannu ɗaya ma faɗuwa ce. Akwai kuma ta Takobi, gasar ƙasa da aka fara a Tawa a 1975 zamanin Seyni Kountché, wadda Kantu na Maraɗi ya fara lashewa. A yau kowace daga jihohi 8 na tura 'yan kokawa 10, su 80 ke nan, ana yi da alƙalin tsakiya da alƙalan tebur, da agogo, da gargaɗi, da rubutacciyar doka ta hukumar kokawa. Jihar Dosso ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Filin kokawar birnin Dosso sunan ɗan kokawa Salma Ɗan Rani yake ɗauke da shi, kuma ɗan jihar, Kadri Abdu, wanda duniya ta sani da Isaka Isaka, ya ɗaga takobin karo na 6 a Agadas a ƙarshen 2023. Yaran Dutsi sun tashi suna jin wannan a rediyo, suna kallo a talabijin da waya, suna kwaikwayon tafiyar zakaru da rausayarsu idan an sa waƙar mawaƙin kokawa Sagalo. Kakanninsu kuwa da dokar dandali suka tsufa. Su biyun suna zaune a fili ɗaya, kowa da ma'auninsa a ka, mai usur yana tsakiya.

Karawa ta bakwai ce ta kawo maganar. Wani dogo ɗan cikin gari, da wani gajere mai faɗin ƙirji da aka ce daga wajen Matankari ya zo tare da kawunsa. Sun daɗe suna zagaye, suna watsa wa juna yashi a hannu, kai da kai kamar raguna. Dogon ya gwada taɗiya sau biyu bai samu ba. Can sai gajeren ya nutse ƙasa, ya rungumo cinyoyin biyu, ya ɗaga. Dogon ya sarƙe shi da ƙafa a sama, suka yi tangal-tangal, suka zube tare cikin ƙura.

Fili ya kaure. 'Yan gari na ihu gwiwoyin baƙo ne suka fara sauka, mutanen Matankari na tsalle suna nuna bayan dogon. Matasa suka yunƙuro za su shiga da'ira. Muryar Baba ta fi usur ɗinsa kaifi:

"Kowa shi tsaya inda yake! Ku kuma, kar wanda ya kakkaɓe jikinai!"

Yaran biyu suka miƙe suka tsaya, hannuwa a buɗe, suna haki. Baba ya durƙusa a wurin da suka faɗi yana karanta yashi kamar mai bin sawun ɓarawon shanu. Ga faffaɗan gurbin baya. Ga rami guda mai zurfi, zagayayye, na gwiwa. Ga wata doguwar jirga a gefensa, wadda za ta iya zama gwiwa ta biyu, za ta iya zama yatsun ƙafa da suka ja. Wani saurayi ya kutso da waya a sama, wai ya ɗauka, a duba kamar yadda ake yi a ƙwallon Turai. Baba bai kore shi ba. Ya karɓa ya kalla, ya kira dattijo ɗaya daga kowane ɓangare suka kalla tare. Ƙura ce da ƙeyar wani mai hula, sai ihu. Ya mayar masa da wayarsa da godiya.

Sai ya juya ga yaran. Gumi ya riga ya yi masa rabin aikin, domin yashi ba ya barin jiƙaƙƙiyar fata. Bayan dogon fari ne tun daga kafaɗa har ƙugu. Gwiwar daman gajeren ta yi dumu-dumu. Ta hagu kuwa baƙa ce sumul, tana sheƙin zufa, ko ƙwayar yashi babu. Ya kama yaron ya juya shi gabas, ya juya shi yamma, yana nuna gwiwar da yatsa, har na bayan fili suka gani. Sannan ya ɗaga hannun gajeren sama.

Abin da ya burge ni shi ne, jama'a na gardama a kan wa ya riga taɓa ƙasa, tambayar da babu idon da zai iya amsa ta cikin wannan ƙura. Shi kuwa ya nemo tambayar da ke da amsa: gwiwa nawa? Tunda ɗaya ce, ko ta riga ko ba ta riga ba, ba kaye ba ce a dokar da aka faɗa.

Wani tsoho daga kan tabarma, kakan dogon ne aka ce mini, ya buga sandarsa a ƙasa. A zamaninsu, in ji shi, gwiwa ko ɗaya ta sunsuni ƙasa an gama, yaran yanzu an lalata musu kokawa da dokar talabijin. Baba ya je har gabansa ya rusuna.

"Baba, gaskiyakka ta, haka munka iske. Amma kana zamne nan na hwaɗi doka sau biyu, na tambaya, ba ka ce komi ba. In ka so, wasan gaba mu yi da taku, in hwaɗa tun da hwari."

Tsohon ya yi shiru, ya gyara zaman hularsa, ya ce a ci gaba. Ban ce ya gamsu ba. Amma an ba shi girmansa a bainar jama'a, an kuma bar masa ƙofa, kuma bai sami inda zai ce an yi wa jikansa coge ba.

Da dare muna shan shayi mai masaukina ya ce kada abin ya ba ni mamaki, ƙasar nan ta daɗe da sanin darajar hukuncin da kowa ya gani da idonsa. Ya kawo zancen Lugu, garin Sarauniya Mangu da ta yi tsayayya da rundunar Voulet da Chanoine a 1899, inda har yau ake da sarautar Sarauniya. A can ne Tunguma yake, dutsen shari'a da Arawan dauri ke kai wa ƙara idan magana ta gagari mutane, a taru a fili, mai ƙara da wanda ake ƙara duk suna kallo. Yawancin jama'a sun bar wannan hanya tun da Musulunci ya game ƙasar, in ji shi, amma son a yanke magana a sarari bai bar jininsu ba.

Kwana biyu bayan haka na bi kwalta kudu maso yamma zuwa Kore Mairuwa, cikin gundumar Tibiri, wadda aka yanke daga Dogon Dutse a 2011. A can wani matashin malamin lakwal ne ke hura usur a wasan 'yan makaranta, da takardar doka ta Faransanci a ninke cikin aljihu, da agogon waya a hannu. Matsalarsa daban ce. Yara sun lura cewa a gasar manya ana iya cin wasa ba tare da kaye ba, idan lokaci ya cika abokin karawa na da gargaɗi fiye da naka. Sai wasu suka koyi wayo: su ja da baya, su riƙe wuyan hannu, su tura abokin wasa bakin da'ira, su jira agogo. Na ga wani yaro mai basira ƙwarai ya yi minti biyar bai kai hari ko sau ɗaya ba, yana satar kallon malamin.

A nan doka ba ta da gurbi a yashi. Yaushe haƙuri ke zama gudu? Mai jiran dama da mai ɓata lokaci tsayuwarsu iri ɗaya ce. Malamin ya tsayar da wasa, ya kira su biyun, ya ce a filinsa gargaɗi ba ya ba yaro nasara. In lokaci ya cika ba kaye, kunnen doki ne, kuma mai gudu ba zai sake shiga ba sai mako mai zuwa. Ina tare da shi a wannan. Dokar gargaɗi an yi ta ne don ƙarti masu neman takobi da miliyoyin sefa, inda dole a fitar da gwani kafin rana ta faɗi. Yaro ɗan shekara 11 da aka koya wa cin wasa da agogo, an hana shi abin da ya zo nema, wato ya san yadda ake kama mutum a kayar, da yadda ake faɗuwa a tashi. Sai dai shi ma malamin ya makara da faɗa, a tsakiyar wasa ya kawo dokar, kuma uban yaron ya yi ta ƙorafi har aka watse. Da ya ga yadda dattijon Dutsi ke yi, da ya rage wa kansa wannan.

Ranar da zan koma na sake bi ta filin bayan gari da safe. Babu kowa sai awaki da wasu yara huɗu da suka zana da'ira da kara. Biyu na kokawa, ɗaya na buga galan a matsayin ganga, na huɗun kuma ya rataya murfin biro a wuya da zare. Cikin masu kokawar na gane dogon nan da aka kayar. Suka zube tare, ƙura ta tashi, mai murfin biro ya ruga yana ɗaga hannu, da 'yar siririyar muryarsa yana cewa kar wanda ya kakkaɓe jikinai. Dogon ya miƙe ya tsaya cak, hannuwa a buɗe, yana jira a duba shi.