Yini Guda a Kasuwar Kurmi

Mu 'yan Ƙaraye da Rogo da ke wannan makaranta mun daɗe muna shan ba'a, wai mu ƙauyawa ne. Abin ya kai har in an aiko mana da dambu ko daddawa daga gida sai mu ɓoye. Da hutu ya zo muka yi shawara mu tafi Kurmi, mu ci abincin birni, ko ma huta da gori.

Wannan kasuwa Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, shi da ya ci sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Bature Barth, wanda ya sauka birnin a 1851, ya ba da labari cewa tufafin Kano har Tumbutu da Tarabulus ake kai su.

Muka kutsa lunguna masu ƙunci, muka wuce dukawa da masu sirdi da linzami, sa'an nan ƙanshin citta da kanumfari ya tarye mu. A wajen Jakara muka sayi gurasa, aka barbaɗa mata ƙuli da yaji, aka yayyafa mai. Muka kora da fura da nono, muka ƙulle alkaki a aljihu domin hanya.

Muna cikin sha wani dattijo mai rumfar kayan yaji ya ce, "Samari, daga ina?"

Muka yi shiru, kāna ƙaraminmu ya ce, "Daga Ƙaraye, Baba."

Ya yi dariya ya ce, "To, me kuke sunkuyar da kai? Geron furar nan a kan Dala aka noma shi? Gyaɗar ƙulin nan fa? Ran da mutanenku suka ajiye fartanya, ran nan za mu rufe rumfa."

Kunya ta kama mu, domin da kuɗin gyaɗar iyayenmu muka zo, ga shi kuwa sunan garinsu ya yi mana nauyi a baki.

Ya ku 'yan'uwa, nan gaba kaɗan za a ba mu aji, galibin almajiranmu kuwa 'ya'yan manoma ne. In malami yana ƙyamar tuwon gidansu, lalle yaransa za su koya daga gare shi tun kafin su iya baƙi da wasali. Mu dai tun ran nan, in saƙon gida ya iso, a tsakar ɗaki muke buɗe shi, mu ce wa kowa bisimilla.