Tsire: naman da sunansa ya bi hanyar fatake

Matafiyin da ya taso daga Yamai ya nufi Damagaram, tafiyar kilomita wajen 900, ba ya rasa zango: Doso, Dogonduci, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa. A kowace tasha, da la'asar ta yi sakaliya, ƙamshi ɗaya ne ke tarbar sa. Ga tukuba, wato tudun toka mai wuta a tsakiya, ga tsinkayen nama an kakkafa kewaye da ita, ga mahauci tsaye da wuƙa.

Ma'aikacin gwamnati yakan sauko daga mota ya ce a ba shi "buroshet". Ɗan kasuwa kuwa ya ce a ba shi tsire. Kalmar Faransanci ta samo asali ne daga "broche", ƙarfen da ake soke nama da shi a gasa. Ta Hausa kuwa daga aikatau "tsire" ta fito, wato soke abu a kan itace mai tsini. Harsunan biyu, ashe, tsinken suka duba suka raɗa suna.

Mai karatu ya lura, Bahaushe ba ya haɗa naman mahauta a suna ɗaya. Wanda aka gasa ba tsinke, balangu ne. Wanda aka feɗe kamar takarda, aka shanya a rana, aka tsoma a laɓu, kilishi ne. Wanda aka dafa aka daka, dambu ne. Suya kuwa daga "soya" take, aikin mai da kasko. Tsire shi ne wanda aka yanka falle-falle, aka jera a tsinke, aka barbaɗe da garin ƙuliƙuli da yaji, aka yayyafa man gyaɗa, aka bar shi gefen wuta ya nuna a hankali.

To, amma da mahauta suka bi sawun fatake da alhazai, sai sunan ya sake riga. A Legas, abin da Maraɗi ke kira tsire, "suya" ake ce masa, ko da yake bai ga kasko ba. A Duwala da Yawunde "soya" ne. A Sudan, inda Hausawa masu tafiya Makka a ƙasa suka zauna suka hayayyafa, "agashe" ake cewa, wanda duk Bahaushe zai ji "a gashe" a cikinsa. A Dakar kuwa, sunan kabilar ma aka liƙa masa: "dibi hausa".

Wannan ba hirar teburin mai shayi kaɗai ba ce, domin suna dukiya ne. A shekarar 2021, hukumar kare fasaha ta Afirka, OAPI, mai mazauni a Yawunde, ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista, don kada wani ya sayar da nasa da sunansu. Kilishi yana shiga leda ya ƙetare teku. Tsire ba ya kwana, a bakin tukuba ake cin sa da zafinsa, don haka ba shi da wata takardar shaida sai sunansa.

Saboda haka, ranar da ƴaƴan Zongon Yamai suka tashi ba su san wata kalma ba sai "buroshet", naman zai ci gaba da gasuwa, amma an manta da mai shi. Idan mota ta tsaya a Ƙonni, a kira shi da sunansa na yanka. Allah ya kai kowa gida lafiya.