Maganin Da Ba Ya Aiki A Shafi Na Gaba



Dukanmu mun san yaron nan. Ba ya zama wuri guda, a aike shi sayo magi ya dawo da ashana, malami na bayani idonsa na kan taga. Sunayensa da yawa: mai ƙiriniya, marar ji, shashasha, mai kunnen ƙashi. Wasu daga cikin irin waɗannan yara, ba duka ba, suna fama ne da larurar da likitoci ke kira ADHD, wato wahalar tattara hankali da yawan motsi da aikata abu kafin tunani. Ƙiyasin duniya ya kai kusan yara 5 cikin 100, kuma da yawansu da ita suke girma.

Tunda labaran lafiyar ƙwaƙwalwa sun fara shigowa rubutunmu, gara mu san maganin kafin mu sa shi a bakin tauraro.

Magungunan kashi biyu ne. Na farko masu zaburar da ƙwaƙwalwa, irin su Ritalin. Cikin awa guda suke fara aiki, su ne kuma suka fi tasiri, amma doka na sa musu ido saboda ana iya mayar da su kayan maye. A nan Arewa wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mu da muka ga abin da kodin ya yi wa unguwanninmu har gwamnati ta hana shi a 2018, muka ga samarin da tiramol ya cinye, mun san yadda kalmar "ƙwaya" ke sauka a kunnen uwa. Ka ce mata ɗanta ɗan shekara tara zai riƙa shan ƙwaya kullum, ka ga fuskarta.

Shi ya sa kashi na biyu, marasa zaburarwa, suka fi ɗaukar mana hankali. Babbansu atomoksetin, wanda ake sayarwa da sunan Strattera, Amurka ta amince da shi a 2002. Aikinsa shi ne hana jijiyoyin ƙwaƙwalwa saurin tsotse wani sinadari mai suna noradirenalin, sai ya daɗe yana isar da saƙo a sashen da ke kula da nutsuwa. Ba ya bugarwa, ba ya kama mutum. Sai gwanfasin da kulonidin, waɗanda asalinsu maganin hawan jini ne. Suna sa barci, kuma ba a yanke su rana ɗaya, don jini na iya hawa. A 2021 aka ƙara wani mai suna Qelbree.

Kada wani ya fito da su a labari kamar ruwan sanyi. Atomoksetin na iya kawo tashin zuciya da rashin cin abinci, jefi-jefi ya taɓa hanta. Tun 2005 akwai gargaɗi a jikinsa cewa wasu yara da matasa kan ji tunanin halaka kansu, musamman a farkon sha. Akwai kuma wanda zai sha bai ga komai ba.

Abin da ya fi amfanarmu a matsayin masu labari shi ne lokaci. Wannan magani sai an yi sati huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye, kafin a ga haske. A ganinmu nan labarin yake. Ku ɗauki gida guda a cikin makonnin nan. Uba na lissafin kuɗin da ya fita, ga yaro ko canji babu. Kaka na cewa tun farko ta ce a kai shi wurin malam. Kishiya ta ji an ce asibitin ƙwaƙwalwa, magana ta zagaye dangi. Uwa kuwa tana ba shi da safe, ya ture kwanon tuwo da dare, tana tambayar kanta ko cutar da shi take yi. Ranar da sauyi zai zo ma ba da ganga zai zo ba: wataƙila aikin gida ne ya gama a zama ɗaya, ba wanda ya lura sai ita. Duk wanda ya rubuta cewa an sha yau gobe an zo na ɗaya a aji, ya zubar da babi biyar masu kyau.

Wata 'yar magana a gefe, don mun ga ta fara yawa a sharhi. Kasa kammala littafi ba shi ne ADHD ba, komai abin da TikTok ya ce. Likita na neman alamun da suka faro kafin shekara 12, suka daɗe aƙalla wata shida, suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, gida da makaranta misali. Rashin barci da damuwa da yawan riƙe waya duk suna iya kama da ita. Masu tantancewa suna asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano.

Idan za ku ambaci maganin a labari, ku bar adadin da ake sha a hannun likitan cikin labarin, kada ku rubuta shi. Na yara da nauyin jiki ake auna shi, kuma mun san masu karatunmu: akwai mai ɗaukar hoton shafin ta wuce kemis da shi.