Kaza Ba Ta Faɗar Ciwonta

'Yar uwa, idan kina kiwon kaji a tsakar gida, ko da guda uku ne, to wannan magana taki ce. Mu mata mun san matsayin kaza a wurinmu, ko da maza suna yi mata kallon abin banza. Ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi maigida ba ya gari, zakara ake kamawa a aika kasuwa. Ranar zubin adashi, ranar gudummawar biki, ranar da surukai suka yi sallama ba zato alhali babu nama a tukunya, duk akurki ake leƙawa. Shi ya sa nake jin takaici in na shiga gida na tarar da kaji sun rame, gashi a hargitse, zankon zakara ya koɗe, matar gidan kuwa tana cewa wai kambun baka ne ya kama su. Ba na musun baki, amma don Allah kafin ki zargi maƙwabciya, kama kazar nan ki ɗaga fiffikenta ki duba tukuna.

Abin da na fahimta a shekarun da na yi ina kiwo shi ne, ƙwarin da ke cin kaza ba iri ɗaya ba ne, kuma ba wuri ɗaya suke kwana ba. Ganye da ɓawon itace duk suna aiki, amma sai kin san wa kike yaƙa da kuma inda yake ɓuya, in ba haka ba ki yi ta jiƙe-jiƙe a banza.

Ƙwarkwata ita ce mai sauƙi, domin a jikin kaza take rayuwarta duka. Ki buɗa gashin ƙarƙashin fiffike da na gindin wutsiya, za ki gan ta tana gudu, ga kuma ƙwayayenta fari-fari a manne a gindin gashi. Maganinta yana murhunki. Toka busasshiya da kika tankaɗe, ki haɗa da yashi mai laushi, ki zuba a wani lungu da ruwa ba ya kaiwa, su da kansu za su je su yi birgima. Ƙurar ce ke shaƙe ƙwarin ta busar da su. Wadda abin ya yi wa yawa sai ki riƙe ta ki cuɗa mata tokar har ta taɓa fata, ki kiyaye ido da hanci. Sai dai toka ba ta kashe ƙwai, shi kuwa cikin mako guda yake ƙyanƙyashewa, don haka sai kin maimaita bayan mako, kin sake maimaitawa. Kada ki bari tokar ta jiƙe, ai kin san kaifin ruwan toka a miya, to haka yake cin fatar kaza.

Wanda ya fi mugunta shi ne wanda ba kya gani da rana. Akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari da jini ke mayar da su ja, da wata irin kaska mai faɗi, waɗanda halinsu ɗaya da kuɗin cizo. Da rana suna cikin tsagar bango, da ƙarƙashin kwandon kwanci, da ramin sandar da kaji ke hawa, sai dare ya yi su fito su sha jini su koma. Kin ga kenan ko kin yi wa kaza wankan magani sau goma, da magariba za ta koma hannunsu. In kin ga kajinki sun fara ƙin shiga akurki da yamma, ko kaza ta tashi daga kan ƙwai ta ƙi komawa alhali kwana 21 ɗinta bai cika ba, to ba iskanci ba ne, azaba ce ta kore ta. Ɗauki tocila bayan isha'i ki haska bangon, za ki ga abin mamaki.

A nan ne na ga hikimar Goggona, ƙanwar mahaifinmu. Ita ba ta fara taɓa kaza, akurkin take fara wa aiki. Sai ta sa a kwashe shimfiɗar duka a ƙone, ta tara busasshen ganyen darbejiya ta turara ciki kaji suna waje, sannan ta kwaɓa ƙasa ta yaɓe duk wata tsaga. Bayan nan ta barbaɗa toka, ta shimfiɗa ɗanyen ganyen darbejiya a ƙarƙashin mai kwanci. Na taɓa ce mata, "Goggo, wannan wahala duk a kan kaji bakwai?" Sai ta harare ni ta ce, "Ke 'yar nan, kwanon samirun da kike taƙama da su a ɗakinki, da me kike zaton na saya miki?" Ban ƙara cewa uffan ba.

Ita darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, asalinta daga Indiya take, amma ta zama 'yar gida. Ƙarfinta ya fi yawa a cikin ƙwallon 'ya'yanta, ba a ganye ba. Ki tsinci waɗanda suka faɗo, ki shanya, ki daka, ki jiƙa su kwana, ki tace ki yayyafa a bango da sanduna. Ba ta kashe ƙwaro nan take, hana shi ci da girma take yi, shi ya sa mai gaggawa take cewa ba ta aiki.

Ƙumar da ke manne wa 'yan tsaki a gefen ido kamar an sa musu kwalli, wannan man ja ko man kaɗanya ya ishe ta, ki shafa a hankali ta shaƙe ta faɗi. Haka ma ƙafar da ta yi kirci da ɓawo, mai za ki dinga shafawa har ta murje.

Sai tsutsar ciki. Kaza na ci amma ba ta ƙiba, ƙirjinta kamar wuƙa, wani lokaci ki ga tsutsar a kashinta, ko ranar da aka yanka ki tsaga hanji ki gan su kamar taliya. Ƙwan tsutsar a kashi yake fita, wata kazar ta tsince shi tare da tsaba, wata irin tsutsar kuma ta jikin tururuwa da ƙudaje take shiga. Iyayenmu ɓawon maɗaci suke jefawa a kaskon ruwa, wasu su daka 'ya'yan gwanda su cakuɗa da dusa, wasu tafarnuwa. Ni ma ina yi, kuma ina ganin amfaninsu, amma in faɗa miki gaskiya rage tsutsa suke yi, ba sa ƙarar da ita. Matsalarsu kuma ba su da ma'auni. Ruwan da ya yi ɗaci ƙwarai kaza ƙin sha take yi, kuma a zafin bazara ƙishirwa ta fi tsutsa saurin kisa. Ki bar shi ya ɗan sauya launi kawai, kwana biyu zuwa uku, ki mayar musu da ruwa zalla. Wadda ta riga ta galabaita kuwa, ki aika kantin magungunan dabbobi, ki kuma tambayi kwana nawa za a yi kafin a ci ƙwanta ko namanta. Sharar kashin kaji kullum safiya ta fi rabin maganin nan, ga shi masu lambu suna neman takin.

Abin da nake roƙonki ki guje wa shi ne fiya-fiya. Na san gidan da aka yayyafa shi a akurki aka rufe, da safe aka kwashi gawar kaji a buhu, kuma a nan tsakar gidan yara ke rarrafe. Garin taba ma da wasu ke barbaɗawa guba ne, bai dace da inda 'yan tsaki suke ba. Kazar da aka sayo daga kasuwa ko aka ba ki kyauta, ki ware ta kamar mako biyu kafin ta shiga cikin naki.

Akwai kuma ciwon da ba na ƙwari ba ne, wanda ake yawan rikita shi da su. Annobar nan da ke zuwa da hunturu, kaji su yi ta gyangyaɗi, kashi kore, wuya ya murɗe, a kwana uku akurki ya zama kango. Likitocin dabbobi suna kiranta Niyukasil. Maɗaci da barkono da gautan kaji ba sa tare ta, ƙafso ja da yalo ma asarar kuɗi ne. Rigakafi kaɗai gare ta, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos tana yin wanda ake ɗiga wa kaza a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma in an haɗa ta ba a ajiye saura. Shi ya sa mu a lungunmu karo-karo muke yi kafin sanyi ya shigo, mu sa rana, a rufe kaji tun daren jajibere, da sassafe yara su bi gida-gida da mai ɗigawa.