Abin da Tsingaron Yariko Ya Koya Mini

Na yi shekaru ina koyar da tarihi, kuma cikin waɗanda suka gyara mini hali akwai wata Baturiyar Ingila da ban taɓa gani ba, Kathleen Kenyon. Mahaifinta, Frederic Kenyon, masanin tsofaffin rubuce-rubucen Littafi Mai Tsarki ne, ya kuma shugabanci gidan tarihi na Birtaniya. Ita kuwa ƙasa ta kama tonawa.

Kafin ta je tsohon garin Yariko, John Garstang ya riga ya yi tono a can daga 1930 zuwa 1936. Ya tarar da rusasshiyar ganuwa, ya ce ita ce wadda littafin Joshuwa na cikin Littafi Mai Tsarki ya ambata. Jama'a suka yi ta murna. Kenyon ta iso a 1952, ta yi aiki har 1958. Takan yanka fili gida-gida, ta bar bangon ƙasa a tsakani don ta karanta yadda zamani ya hau kan zamani. Duk wanda ya tashi a gidan tubali ya san wannan: ɗaki ya faɗi, a baje, a gina sabo a kansa. Tsingaron tukwane da ta tsinta a kowane hawa shi ya faɗa mata shekarunsa. Lissafinta ya nuna ganuwar Garstang ta girmi zamanin Joshuwa da ɗaruruwan shekaru, kuma an ƙone garin tun wajen 1550 kafin haihuwar Annabi Isa. Ta san maganar za ta sosa ran masu imani da yawa, amma ta faɗa, don abin da ƙasa ta nuna mata ke nan. Har yau ana jayayya a kai.

Ni kuwa ina saurayi, idan na shiga muhawara, hujjar da za ta ba ni gaskiya kawai nake nema, sauran in kau da kai. Ɗalibai nawa na cuta da haka, Allah ne masani. Sai da furfura ta fito na iya buɗe baki a gaban aji in ce, "Yara, abin da na gaya muku bara kuskure ne."

Haƙurin Kenyon kuma bai tashi a banza ba. Can ƙasa ta ci karo da hasumiyar dutse mai tsawon sama da mita 8, da matakala 22 a cikinta, ginin wajen shekara dubu goma da suka wuce. Ta kuma tono ƙoƙunan kawunan mutane da aka yaɓe wa fuska, aka sa bawon katantanwar teku a gurbin ido. Hoton ɗaya daga cikinsu na nan cikin littafin da nake ajiyewa kusa da tabarmata, jikokina kan ce in buɗe musu.