Daɓen miji, bangon mata: ziyara ɗakin zanen Pollock da Krasner

Daga tashar Penn da ke New York, jirgin ƙasa yana ɗaukar kusan awa uku kafin ya kai East Hampton, can gabashin tsibirin Long Island. Daga nan sai ɗan gajeren zango a tasi zuwa ƙauyen Springs. Gidan da na je gani na katako ne, ba shi da wani ado, yana kallon wata fadama da ake kira Accabonac Creek. A nan Jackson Pollock da matarsa Lee Krasner suka tare a watan Nuwamban 1945. Dala 5,000 aka yi musu kuɗin gidan, kafin alƙalamin ma, dala 2,000, sai da dillaliyar zane Peggy Guggenheim ta ranta musu. Lokacin da suka shiga ko banɗaki babu a cikinsa.

Su biyun masu zane ne, irin zanen da ba ya kwaikwayon siffar mutum ko dabba ko gari, sai launi da layi kawai. Wanda ya saba kallon aikin hula ko zayyanar allo ya san ido kan ƙoshi ba tare da ya ga hoton komai ba.

Abin da ke kawo baƙi shi ne wani tsohon sito a bayan gida. A bakin ƙofa za a ce ka tuɓe takalmi, a ba ka silifa na soso, domin daɓen da za ka taka shi ne abin kallon. Daga 1947 zuwa 1950 Pollock yakan shimfiɗa ƙyallen zane a ƙasa, yana zagaye shi, yana ɗiga fentin gida daga gwangwani da sanda ko busasshen burushi. Duk abin da ya tsallake bakin ƙyallen sai ya sauka a katako. A 1953 aka rufe daɓen da wasu alluna, ya ɓoye fiye da shekara 30, har sai da ake shirin buɗe gidan ga jama'a a 1988 aka yaye shi.

Na daɗe a tsugune a wurin. Mutane kan ce ai yaro ma zai iya wannan watsa fenti, amma daɓen ya ƙaryata su. Akwai wuraren da fentin ya yanke a miƙe, alamar inda gefen ƙyalle ya tsaya. Akwai sawun ƙafa, da da'irar gindin gwangwani. Launi ya hau kan launi, wani ya bushe sarai kafin na gaba ya zo. Aikin mutum ne da ke zubawa, ya dakata, ya duba, ya dawo. Ɗakin kuma bai wuce babban falo ba, amma a cikinsa aka yi Autumn Rhythm, wanda faɗinsa ya haura mita 5. Kafin gyaran 1953 ba abin ɗumama ɗaki, don haka da hunturu sai ya rufe jiki ruf ya yi 'yan awoyi ya fito.

Waɗannan shekarun na albarka sun zo daidai da lokacin da ya ajiye giya na kusan shekara 2. Ya koma mata a ƙarshen 1950, aiki ya riƙa ja baya, ya mutu a hatsarin mota kusa da gida ranar 11 ga Agusta, 1956, yana da shekara 44.

Sai ka ɗaga kai sannan za ka ga rabin labarin na biyu. Fentin da ke jikin bango na Krasner ne. Yawancin zamansu, a wani ƙaramin ɗakin kwana na bene take aiki, shi ya sa zanenta na lokacin ƙanana ne. A 1957 ta koma siton, tana kafe ƙyalle a bango da ƙusa, nan take ta yi The Seasons, shi ma sama da mita 5. Daga 1959, da rashin barci ya dame ta, ta koma aiki da dare, ta ajiye launuka masu haske ta riƙe ruwan ƙasa da fari, domin ba ta son haɗa launi a hasken lantarki. Basirar tana nan tun farko, wuri ne ba ta samu ba. Duk wanda ya taɓa rubuta kundin digiri a kan gado, a ɗakin haya da yake rabawa da wasu, ya san yadda girman ɗaki ke yanke wa aiki girma.

Krasner ta rasu a watan Yunin 1984, watanni kaɗan kafin gidan adana zane na MoMA ya buɗe baje kolin ayyukanta. Da dukiyar da ta bari aka kafa gidauniyar Pollock-Krasner a 1985, wadda har yau take tallafa wa masu zane daga ƙasashe daban-daban.

Mai niyyar zuwa ya sani daga Mayu zuwa Oktoba ake buɗe gidan, kuma gara ya kama gurbi ta intanet tun kafin ya taso. In lokaci ya rage, maƙabartar Green River ba nisa. Ƙaton dutse ne a kan kabarinsa, nata ƙarami yana gabansa.